Gargaɗi ga Mutanen Tunuga da Ƙasar Gaya: Kada a Bar wa Yara Jinyar Ƙanjamau Su Kaɗai

Wannan kira ne na gaggawa ga mutanen Tunuga da Dole da sauran garuruwan bakin kogi na ƙasar Gaya, har da 'yan'uwa na tsallaken iyaka a Kamba da Malanbil. Masu gari, limamai, malaman makaranta, ungozomai, wanzamai, iyaye maza da mata, samari da 'yanmata, kowa yana da rabonsa a maganar nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Akwai gidajen da ciwon sida, wanda ake kira ƙanjamau, ya kwantar da uba ko uwa, dangi suka ɗauke ƙafa, jinya ta koma kan yaro ɗan shekara 12 ko yarinya 'yar shekara 14. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce daka, ita ce wankin zanen da zawo ya ɓata, ita ce tashi cikin dare idan tari ya sarƙe mahaifiyarta. Sau tari ba a ma faɗa mata ciwon da take jinya ba. An ce mata shawara ce, ko sammu, ko iska. Da hannunta take goge jini ba safa ba leda, a ɗaki ɗaya take kwana da mai tari, makaranta kuwa sai dai ta hango tsararrakinta suna wucewa.

Duk gidan da ya kai wannan hali, abu biyu sun tsinke a cikinsa: shan magani da zumunci. Dukansu ana iya ƙulla su, amma sai an hanzarta, domin rayuka uku ne ke cikin haɗari: na majinyaci, na yaron da ke jinya, da na ƙannen da ke bayansa.

Me ya sa a nan, me ya sa yanzu

Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da ciwon bai yi yawa ba. An fara gano shi a ƙasar a 1987. Binciken lafiyar jama'a na 2006 ya nuna mutum 7 cikin 1,000 masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da shi, na 2012 ya nuna 4 cikin 1,000. A Najeriya binciken 2018 ya sami 14 cikin 1,000, wato kimanin mutum miliyan 1.9. Ƙarancin nan namu abin godiya ne, sai dai yana da nasa sharrin. Inda masu ciwo ba su da yawa, kowannensu gani yake shi kaɗai ne a gari, sai ya rufe ƙofa. Wanda ake rufe ƙofar da shi a ciki kuwa, yaron gida ne.

Zamanmu kuma zaman bakin iyaka ne. Hanyar Kwatano zuwa Yamai ta kan gadar Gaya da Malanbil ta bi, kuma kafin 2023 shekara da shekaru ita ke ɗauke da mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su daga teku. Mazanmu suna zuwa cin rani Legas da Kwatano, sarkawa suna bin kifi inda ya nufa, mata suna cin kasuwannin ƙasa uku. Neman abinci ba laifi ba ne, amma mai shan magani da ke kai da komo tsakanin ƙasa uku ya fi kowa saurin rabuwa da likitarsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar, tsallakawa ta koma ta kwale-kwale, kuɗin hanya ya hau, sana'o'in da suka dogara da gadar suka durƙushe. Duk wanda kunya ta sa yake karɓar maganinsa a tsallake, nesa da idon sani, ya san abin da rufewar ta jawo masa. Ga kuma damina: ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kogi in ya cika hanyoyi sukan yanke, sauro ya yi yawa. Sannan a Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, jita-jita ta bazu a wurare da dama cewa magani ya ƙare. Kada kowa ya bar shan magani saboda an ce an ce. A je likita a ji daga bakin ma'aikaci.

Ciwon yana da magani, kuma kyauta ne

Tun 2004 aka fara ba da maganin rage kaifin ƙanjamau a Nijar, kuma ba a sayar da shi. A da safe da yamma ake shan ƙwayoyi. Yanzu yawancin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda gwaji ya nuna yana da ciwon a sa shi kan magani nan take, kada a jira sai ya kwanta. Maganin ba ya kashe cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi. Mai sha kullum ba fashi, cikin wata shida ko ƙasa da haka cutar takan yi ƙasa a jininsa har awo ya kasa ganinta. Ya koma gonar shinkafarsa, ta koma sana'arta, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya zauna a kai ba ya shafa wa abokin aurensa.

Saboda haka idan kun ga babba kwance wata da watanni, yaro na juya shi, yawanci ɗaya cikin uku ne: ko bai yi gwaji ba, ko ya bar magani, ko wani ciwo ya hau kansa, galibi tarin fuka. Duk ukun na likita ne. Ko yaro ya kwana yana fifita, ba zai iya maganin ko ɗaya ba.

Ku yi hattara da masu cewa suna warkar da ƙanjamau da saiwa ko rubutu, su ce a ajiye ƙwayar asibiti. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da ciwon da ganyaye. Aka raba marasa lafiya da maganinsu, mutane suka mutu, daga baya hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar da haka. Abin da shugaban ƙasa ya kasa, mai jaka a kasuwa ba zai iya ba. Addu'a da ƙwaya ba sa faɗa da juna. A yi addu'a, a haɗiye ƙwaya.

Abin da ke jiran yaron da aka bari shi kaɗai

Na farko, lafiyar jikinsa. Ƙanjamau ba ya bin kwano ko moɗa ko tabarma ko gaisuwa, kuma sauro ba ya ɗaukar shi. Ta jini yake bi, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri. Yaron da ke wanke gyambo da hannu mai rauni, ko yake aski da rezar mahaifinsa, ya kusanci haɗari. Wanda ya fi wannan kusa shi ne tarin fuka, wanda ta iska yake bi, kuma shi ne ya fi kowane ciwo kashe masu ƙanjamau a duniya. Ɗaki rufe, mai tari a ciki, yara na kwana a gefe, haka ake ɗaukarsa.

Na biyu, karatunsa. Fashin kwana biyu ya zama na mako, na mako ya zama na zango, sai a cire sunansa. Yarinya aka fi cirewa, don an ɗauka jinya aikin mata ne.

Na uku, yunwa da abin da take jawowa. Mai nema ya kwanta, an sayar da akuya, an jinginar da gona. Sai a ɗora wa yarinya faranti a tura ta talla tasha ko bakin ruwa, ta kai dare cikin baƙin maza masu kuɗi a aljihu, ita kuwa gida ba ko tiyar hatsi. Ta nan ne ciwon da ya kwantar da uwa yake zagayowa ya kama 'ya. Ko kuma a aurar da ita da wuri don a rage baki, a ƙasar da tun asali kusan mata 3 cikin 4 ake aurarwa kafin su kai shekara 18. Namijin kuma ya bi 'yan fito ko 'yan dakon mai a kan iyaka, inda kuɗi ke zuwa tare da ƙwayar maye da ɗauri.

Na huɗu, zuciyarsa. Yaro yana ganin mahaifiyarsa tana ramewa, yana jin ana raɗa in ya wuce, an hana 'ya'yan maƙwabta cin abincin gidansu, kuma an gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa. Wannan nauyi ko babba ya ɗauka sai ya ranƙwafa. A duniya yau akwai yara kimanin miliyan 14 da ƙanjamau ya raba da uba ko uwa ko duka biyu, kuma da yawansu sun yi jinya kafin su yi maraici.

Gare ku, 'ya'yana masu jinya

Allah Ya yi muku albarka. Abin da kuke yi wa iyayenku abu ne mai girma, kuma ba laifinku ba ne ciwo ya shigo gida. Ku riƙe waɗannan:

1. Ku sami babba ɗaya da kuka yarda da shi, gwaggo ko kawu ko liman ko malamar makaranta ko majo na likitar gari, ku ce: "Kawu, jikin Baba ya fi ƙarfina, ka zo ka gani." Neman taimako ba tonon asiri ba ne.

2. Magani kullum, lokaci ɗaya. Ku ɗaura shi da wata salla, misali bayan isha'i, don kada a manta. Ku riƙa duba kwalba. In saura na mako ɗaya, a tafi karɓo wani. Kada a raba ƙwayar mutum ɗaya tsakanin mutum biyu, kada a ba yaro ta babba, kada a saya wurin masu tallar magani a kasuwa.

3. Kada ku taɓa jini ko ruwan gyambo ko zawo da hannu haka nan. Ku roƙi safar hannu a likita. In babu, ku sa hannu cikin leda mai tsabta marar huda. In kuna da yanka a hannu, ku rufe shi tukuna. Kayan da suka ɓaci a wanke su daban da sabulu, wurin da jini ya zuba a goge da ruwan jabel, ma'aikacin lafiya zai nuna muku yadda ake sirka shi. Ku wanke hannu da sabulu kafin aiki da bayan aiki.

4. Reza, allura, askar wanzami, abin goge haƙori da abin yanke farce, kowa da nasa.

5. In majinyaci yana tari, a buɗe taga da ƙofa, ya riƙa rufe baki da ƙyalle, ƙananan yara su kwana wani ɗaki. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi kayar da wanda jikinsa ya yi rauni.

6. In reza ko allurar da ta taɓa jininsa ta yanke ku, ku wanke wurin da ruwa da sabulu, ku tafi likita a ranar. Akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Haka ma yarinya ko yaron da aka yi wa fyaɗe. Kada a tsaya sasanci a gida kwana uku su wuce.

7. Ku ci gaba da cin abinci tare, ku zauna kusa da su, ku yi hira. Ƙanjamau ba zai same ku ta nan ba, su kuma yana ƙara musu ƙarfin zuciya.

Alamomin da ba a kwana da su

A nemi abin hawa a kai mara lafiya likita mafi kusa ko asibitin Gaya nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi sama-sama; ya kasa tafiya sai an riƙe shi; ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya; ruɗewa ko surutai ko farfaɗiya; zazzaɓi mai zafi da ya ƙi sauka; zawo ko amai da ya hana ruwa zama a ciki; farin abu a baki da maƙogwaro har ya kasa haɗiya; idanu sun yi rawaya ko ƙuraje sun feso bayan fara sabon magani. Tarin da ya kai mako biyu, da zufar dare da rama, a je a yi awon majina. Tarin fuka yana warkewa da maganin wata shida, kuma idan an same shi a gida sai a duba yaran gidan duka. Kiran mai kabu-kabu da tsakar dare da neman kuɗin mai aikin manya ne. Tun yau a san wane babba za a tasa.

Gare ku, iyaye masu fama da ciwon

Allah Ya ba ku lafiya. Ciwo jarrabawa ce, mata da yawa a ɗakin aurensu suka same shi, wasu kuma da shi aka haife su. Amma sirrin da kuka hana ɗan'uwanku balagagge kuka ɗora wa ɗanku ƙarami, a sake dubawa. Ku zaɓi babba ɗaya ku faɗa masa. Ma'aikatan lafiya da 'yan ƙungiyar masu ɗauke da ciwon ta ƙasa, RENIP+, sun saba taya mutum wannan magana. Dokar ƙasa da aka kafa a 2007 aka sabunta a 2015 ta hana nuna wa mai ƙanjamau wariya, ta kuma kare sirrinsa.

A gwada abokin aure, a gidan da ke da mata fiye da ɗaya a gwada kowa, a gwada yara duka. Wani yaron da ke jinya shi ma da ciwon aka haife shi, ba wanda ya sani, ana cewa ƙaramin jiki ne da shi. Mace mai ciki ta je awo. In ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 sukan ɗauka daga uwa. Da magani adadin yana sauka ƙasa da 5. Jariri ana yi masa gwaji tun yana mako 4 zuwa 6, domin rabin jariran da suka ɗauka ba sa kai shekara 2 in ba a sa su kan magani ba.

Yaron da ya isa ya miƙo muku ƙwaya, ya isa a yi masa bayani daidai hankalinsa. Gara ya ji daga bakinku da ya tsinta a bakin rijiya. Mai niyyar tafiya cin rani ko su, ya faɗa wa likita a ba shi maganin watanni da takardar da zai nuna a inda ya sauka. Haka kuma a yi kafin damina ta yi nisa. In azumi ya zo, a tambayi likita yadda za a mai da shan ƙwaya dare, kada a ajiye ta. Kuma tun kuna da ƙarfi ku yi wa yara takardar haihuwa, ku bayyana gonaki da dabbobi gaban shaidu, ku ambaci wanda zai riƙe su.

Gare ku, dangi da maƙwabta

Zumunta a ƙafa take. Baffa, kawu, gwaggo, inna, ɗan ɗan'uwanku yana wanke mahaifinsa shi kaɗai, ku kuna ina? A raba kwanakin jinya tsakanin manya. Wannan ta ɗauki girkin Litinin, wancan ya ɗauki kai mara lafiya Gaya ranar karɓar magani, samarin unguwa su yi gayya a gonarsa. Yaro ya taimaka da aike da tunatarwa bayan ya taso makaranta, wanka da juyi da kwanan zaune kuwa na manya ne. Mai shan magani yana bukatar abinci, domin yunwa tana cikin manyan dalilan da ke sa mutane ajiye ƙwaya. Tiyar shinkafa, ɗan kifi, wake ko zogale da za ku aika, taimakon magani ne.

In rasuwa ta zo, a yi wa mamaci sutura kamar kowane musulmi, masu wanka su sa safar hannu. Kada a kori matar da ke takaba, kada a cinye gonar marayu da sunan riƙo, kada a watsa yara gida-gida a mai da su 'yan aiki. Wanda zai auri matar da ta fita takaba, su je gwaji su biyu kafin a ɗaura. In an sami ciwon, aure bai haramta ba, magani ne ya wajaba.

Gare ku, shugabanni

Limamai, huɗuba ɗaya kan hakkin mara lafiya da maraya da haramcin yaɗa sirrin mutum za ta kai inda ma'aikacin lafiya ba ya kaiwa. Ku ƙarfafa gwaji kafin aure, ga saurayi da budurwa da bazawari da bazawara, ku sa irin waɗannan gidaje cikin rabon zakka ba tare da shela ba.

Malaman boko da na allo, ku ne farkon masu gani. Yaron da ya fara fashi, yana gyangyaɗi a aji, ku bi sawu cikin sirri kafin ku kai ga bulala. Tun Disambar 2017 akwai dokar gwamnati da ta tanadi kare karatun 'ya mace har ta kai shekara 16, kuma jinya ba ta soke ta ba.

Wanzamai da ungozomai, sabuwar reza ga kowane mutum, a aski, a ƙaho, a kaciya, a yankan cibi.

Ma'aikatan lafiya, in kun ga yaro ne ke zuwa karɓar maganin babba, ku tambayi wa ke gida, ku ba shi safar hannu, ku yi wa gidan gwaji, ku bi sawun wanda ya daina zuwa. Ku tsare harshenku, domin kalma ɗaya da ta fita daga ɗakin awo tana iya korar unguwa guda daga likita.

Masu gari da hukumar gundumar Tunuga, ku zauna da majo da limamai da ƙungiyoyin mata da na matasa, a san gidajen da yaro ke riƙe da su ko wane irin ciwo ne ya kwantar da babba, don kada taimakon ya zama tambari a ƙofar kowa. A tanadi asusun kai mara lafiya asibiti, a sa waɗannan gidaje gaba a rabon abinci.

Abin da za a yi cikin makon nan

Wanda bai san matsayinsa ba ya je gwaji, ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin ƙasa da awa ɗaya. Wanda ya bar magani ya koma yau, ko wata nawa ya yi bai sha ba. Wanda ya san gidan da yaro ke jinya shi kaɗai ya taka ya je kafin Juma'a, ya karɓi aikin kwana ɗaya, ya tura yaron makaranta. Wanda ya ji wannan gargaɗi ya isar da shi a masallaci, a kasuwa, a wurin suna da bakin ruwa, da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke hakkin da ke kanmu.